Reb Fishel da Wuƙar Ranar Asabar

Yabo ya tabbata ga Alƙalin da hukuncinsa gaskiya ne, ko da harshe ya yi nauyi wajen faɗin haka. A ranar Asabar, sha ɗaya ga watan Elul na shekara ta 5679 a ƙirgenmu na Yahudawa, mahaya ɗauke da bindigogi suka kashe Reb Fishel ɗan Zundel, marubucin Attaura na garinmu Zelnik, a farfajiyar majami'a. Ni Hinda, mai ja wa mata addu'a a benen majami'ar, na ga abin da idona, kuma saboda shi nake da ran rubuta wannan.

Reb Fishel, ban san mai tsoron harafi kamarka ba. Ba ka taɓa sa alƙalami a fata ba sai ka furta kalmar da bakinka. In ka zo kan Sunan nan na Ubangiji da ba ma furtawa, sai ka yi wankan tsarki tukuna, kuma in ka fara shi babu mai ɗaga maka kai. Duk unguwa ta ji ranar da matarka Gitel ta tsaya a kanka tana kururuwa: "Fishel, akuya ta cinye kabejin nan kaf, kai kana zaune kamar an dasa ka!" Sai da ka rufe harafin ƙarshe ka ɗago, ka ce, "To, Gitel, ta dai yi godiya kafin ta ci?"

A hunturun da mijina ya rasu ka zo duba 'yar fatar ayoyi da ke jikin dogaran ƙofata. Ka duba ta, ka dubi murhuna da ya mutu, ka fita. Ka dawo da itace a kafaɗa. "Harafi ɗaya ya goge, Hinda," in ji ka, "amma shi zai jira. Sanyi ba ya jira." Na ci gyaranka a zuciyata a ranar, don ni mace ce mai tsanani. Yau nake gane cewa tun lokacin ka gaya mini ko kai wane ne.

Ana tsakiyar karatun safe muka ji harbi daga wajen kasuwa. Maza suka fita, wasu don tare hanya, wasu don tsira. Mu mata da yara muka haye ɗakin da ke ƙarƙashin rufi, inda ake tara tsofaffin littattafan da suka yage kafin a binne su. Ta tsagar katako na ga mahayan sun shigo farfajiya, takubbansu jage-jage da jini. Suka sare tsoho Berish mai shara a bakin rijiya. Suka fara jibga ciyawa a jikin bango, ɗaya yana kwarara kananzir. Ba su san muna sama ba. 'Yata Perel na riƙe da zanena, na toshe bakin jaririn wata da tafin hannuna.

Sai ga ka ka fito rungume da Attaurar da ka ƙare ƙuruciyarka kana rubutawa.

"Ranka ya daɗe," ka ce wa shugabansu, "wannan fatar za ku ƙona? Ta maraƙi ce, babu irinta ko a birni. Dubi takalmanku, duk sun yi baki."

Ya tuntsire da dariya. "Kai, tsohon bunsuru, har Ubangijin naka za ka sayar?"

"Ba ya sayuwa. Fatar dai nake magana. Ba ni wuƙa, ku ba ku iya yanka ba, ɓata ta za ku yi."

Ka ja su can bakin ƙofar gaba, nesa da bangon baya mai kallon kogi. Ka warware naɗin Attaurar a kan laka. Mu da in ta faɗi bisa kuskure gari duka ke yin azumi, ga ta shimfiɗe a ƙasa, ga wuƙa a hannunka, ranar Asabar da aka haramta mana kowane aiki. Ka auna ƙafar kowane ɗayansu, kana yanka a hankali, kana musu da su a kan girman diddige. A bayan ginin kuwa mata na zura yara ta taga, suna gangarawa cikin kyauron bakin kogi. Ni ce ta ƙarshe, don haka na ga saura.

Da suka gaji da nawarka, shugaban ya ce ka hau kan rubutun ka yi musu rawa. Ka ajiye wuƙar, ka ce a'a. Suka tsige gemunka har da fata. Suka ɗora hannunka na dama a kan dutse suka farfasa yatsun da gindin bindiga. Ka ɗaga murya kana shaida cewa Ubangiji ɗaya ne, takobi ya same ka a wuya kafin ka ja kalmar ƙarshe. Sannan suka cinna wa majami'ar wuta, babu rai ko ɗaya a ciki.

Washegari aka yi gardama a kan gawarka. Al'adarmu ce a zuba Attaurar da ta lalace a tulun ƙasa, a binne ta kusa da mutumin kirki. Mottel mahauci, wanda aka kashe wa ɗan'uwa, ya ce ba a gefenka ba. "Da hannunsa ya miƙa ta! Kakanninmu wuta suka shiga a kan abin da bai kai wannan ba. A kai shi jikin katangar maƙabarta, can inda ake binne masu saɓo irinsa."

Rab Anshel, tsohon malaminmu, ya sa aka kira ni, duk da ba a saba jin shaidar mace a irin wannan zama ba. Ban rage komai ba, har lakar, har wuƙar. Sannan na kwance farin ƙyallen da na tattaro guntayen Attaurar a ciki. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Wuƙarka ta ratsa kalmomi da yawa, amma duk inda Sunan yake, ta kauce. Ya mayar da su cikin ƙyallen. Daga baya ya ce, "Mottel, ɗana, an ba mu ita don mu rayu da ita ne. Jikokinka nawa suka sauko ta tagar nan?" Mottel ya kama wuyan rigarsa ya yage, yadda muke yi wajen makoki, shi ne kuma ya ɗauki tulun har maƙabarta.

An binne ku tare. Ni kuwa har yanzu ina tuhumar kaina: da a hannuna aka sa wuƙar, zan iya? Ina tsoron da na rungume naɗin, na bar wutar ta ci mu duka, ina ganin na yi ibada. Ban sami amsar da za ta bar ni in yi barci ba.

Ubangijin Ibrahim da Ishaku da Yakubu ya lulluɓe ka da rahamarsa, ya ɗaure ranka cikin ƙullin rayayyu, ya bi kadin jininka da na Berish da na duk waɗanda suka faɗi. Gitel, 'yar'uwata, da ke zaune a ƙasa cikin kwanakin makoki, da 'ya'yanki Leizer da Basha, Mai Ta'aziyya ya sanyaya zukatanku tare da dukan masu makokin Sihiyona. Harafin ƙofata har yau a goge yake, Reb Fishel. Da safen nan Perel ta sumbace shi, ta fita ɗebo ruwa.