Layin Dogon da Ake Ɗauka a Kafaɗa

Daga Pantai Dalam

Muna idar da sallar asuba muka bar Pantai Dalam, unguwarmu a ƙasar Malay, muka kama hanyar KL Sentral, babbar tashar birnin, ni da Kawu Ilu, ƙanin mahaifiyata da ya zo bikin kammala karatuna. Manomin rake ne a Maƙarfi. Shekara da shekaru yana fito da damin rake a ka daga fadama zuwa bakin titi, har wuyansa ya ƙage. In zai waiwaya sai ya juya jiki gaba ɗaya. Yanzu ɗansa Sale ya gaji gammon, kuma shi ma ya fara kukan wuya.

Ni na jawo wa kaina tafiyar. Wata rana muna shan ruwan rake a wani kedai, wato ɗan shago, a unguwar Brickfields, bakina ya suɓuce na ce abokin karatuna ɗan Indunisiya ya ba ni labarin cewa a garinsu jirgin ƙasa ke shiga gona ya kwaso rake. Kawu ya ce ƙaryar 'yan boko ce, amma gani ya kori ji. Wahalar bizar da muka sha kuwa, a bar kaza cikin gashinta.

Bas ta kai mu filin jirgi. Kafin azahar mun sauka Surabaya, a tsibirin Jawa.

Hanyar gabas

Kusan awa biyar muka yi a bas. Direban kamar aljanu ke korarsa, Kawu na ta salati yana cewa ko 'yan Zariya zuwa Kano ba su kai shi ganganci ba. Mahaifin abokina, wani dattijo mai suna Pak Slamet, ya tarye mu bayan magariba, ya sauke mu a gidansa. Aka kawo shinkafa da ganye da miyar gyaɗa. Kawu ya ɗanɗana ya ce ai kwaɗo ne, ya nemi ƙari.

Gonar rake

Da hantsi muka isa. Ni kan jirgin na zo kallo: ɗan mitsitsi ne, bai fi a-kori-kura ba, yana jan taragu masu yawa yana tafiyar hawainiya zuwa masana'antar sukari. Faɗin layin kamu ɗaya da rabi, Kawu ya auna da hannunsa. Ya zaro kara ɗaya ya gatsa, ya yamutsa fuska ya ce wannan ba rake ba ne, sanda ce. Pak Slamet ya yi dariya ya ce na inji ne, ba na haƙori ba.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne jirgin ba ya shiga gonar. A bakinta yake tsayawa. Sai ga leburori sun saɓo guntayen layin dogo a kafaɗa, kowane guntu kamar tsani, suna shimfiɗawa suna haɗawa har gindin inda ake sara. Shanu biyu suka ja tarago suka kai ciki, aka loda, suka jawo shi waje. Pak Slamet ya ce in an gama da wannan gona, kwashe layin ake yi a kai wata. Na yi ta tambaya da guntun Malayancina, yana amsawa da hannu da baki.

Na juya in fassara wa Kawu, na tarar ko sauraro ba ya yi. Wani tsohon lebura sa'ansa yake kallo. An kira tsohon ta bayansa, ya waiwaya da wuya kawai, ya amsa, ya ci gaba da aikinsa.

"Habu, ka ga yadda ya juya kansa?"

"Na gani, Kawu."

"Ashe ana tsufa a rake da wuya lafiya."

Tausayinsa ya kama ni. Ya durƙusa da ƙyar ya shafa ƙarfen, ya sa na tambaya ko mai walda zai iya ƙera irinsa, da kuma ko jaki zai iya jan taragon. Pak Slamet ya ce, "Boleh," wato zai yiwu, in dai ƙasar ba ta cika taɓo ba. Na faɗa wa Kawu gaskiya cewa fadamarmu taɓo ce, kuma ƙarfe ba araha. Ya ce ya ji, ko katako ne zai shimfiɗa ya ɗora amalanke.

Komawa

Washegari muka juyo. Duk hanya Kawu bai yi salati ba, bai kuma zagi direba ba. Mun shiga gida Pantai Dalam da la'asar sakaliya. Matata ta yi mana tapau, wato ta sayo ƙunshin abinci, daga wurin mamak mai gidan abinci, amma Kawu ya ce in fara kira masa Sale.

Kawu mutum ne da in kara ɗaya ya faɗi a hanya sai ya koma ya ɗauko. Da kunnena na ji ya ce, "Sale, kada ka ƙara ɗora dami a ka sai na dawo."

Sale ya ce masu mota na jira, raken da aka sare zai bushe.

"Ya bushe ɗin," in ji Kawu.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Pak Slamet da iyalinsa kuma, Allah ya saka musu da alheri.