Faifan Goggo da Taurin Kaina

Shekarun baya can, shekarar da gero ya ƙi har mutanen ƙauye suka koma jiƙa anza, 'ya'yan itacen dajin nan masu ɗaci, don su ci, ni abin da ya dame ni a duniya daban ne. Na samu wata tsohuwar kwamfutar hannu, na goge duk abin da ke cikinta na zuba mata tsarin kwamfuta da ake kira Linux, na shiga Damagaram ina wa'azi. Duk wanda ya zauna kusa da ni sai ya ji cewa kyauta ne, kuma babu abin da ba ya yi. Abokina da muke katanga ɗaya, mai tele, wato talabijin, da na'urar bidiyo a ɗakinsa, shi ya fi kowa shan wannan huɗuba. Har cewa na yi masa kayansa sun zama tarkace.

Ana cikin haka goggona ta zo daga Gidimuni. Ɗanta namiji ɗaya ne, taubashina, kuma tun da damina ta lalace ya bi mota zuwa Libiya. Wani da ya dawo daga can ya kawo mata faifan sede, wato CD, ya ce ɗanta ne a ciki yana magana. Ta kwance shi daga bakin zane, an naɗe shi a leda, ledar kuma a tsumma. A lokacin yanar ido ta riga ta rufe mata idon hagu, na dama ma ta ce kamar ta cikin hayaƙi take gani.

"Ɗan nan, an ce akwatin naka yana nuna mutum," in ji ta. "Ina so in ga fuskarsa tun wannan ɗayan bai bi ɗan'uwansa ba."

Na ce, "Goggo, ai wannan ba aiki ba ne. Ki gyara zama."

Na zura faifai. Lektar, wato inda ake sa faifan, ya yi ƙugi, ya juya, ya yi shiru. Na fitar na sake sawa. Wannan karon sunan faifan ya fito, amma da na taɓa sai saƙo ya ce ba a iya karantawa. Na hura, na goge da bakin riga, na sa auduga na share ɗan idon gilashin da ke ciki. Na buɗe baƙin allo ina ta buga umarni ina gyaɗa kai, don a ga dai na san abin da nake yi. Wallahi ban sani ba.

Mahaifiyata ta leƙo ta ce, "Kai, ba ka aro na abokinka ba? In ce nan da nan yake nunawa?"

Nan ne shaiɗan ya hau ni. In je in tsaya a ƙofarsa ina roƙon tarkace? Ai sai ya yi shekara yana ba da labarina a majalisa. Na ce mata na'urarsa tana karce faifai, in ta lalata wannan shi ke nan. Ƙarya ce na ƙirƙira a tsaye. Goggo kuwa da ta ji haka ta ce a'a, kada a kai, ta yarda da nawa.

Kwana uku tana zaune a kan tabarma tana jira. Kullum da safe sai ta ce, "Ya fito?" in ce saura kaɗan. Na kwance lektar na mayar, har tsarin gaba ɗaya na sake zubawa. A rana ta huɗu labari ya zo cewa ruwan shuka ya sauka a wajensu. Ba ta da namiji a gida, kuma ɗan irin da ta ɓoye duk yunwar nan ba zai jira ba. Ta ɗaura kayanta ta bar mini faifan, ta ce in ya fito in kai mata.

Bayan sati biyu na gano abin a siber, wato shagon intanet. Lektar lafiyarsa ƙalau. Faifan ne irin na bidiyo, ba a buɗe shi kamar takarda, wata 'yar manhaja kawai yake so. Minti goma ban cika ba ya fito. Amma maimakon in kama hanya, sai na ce bari hanya ta bushe, bari aiki ya yi sauƙi. Sai da kaka na je.

Na same ta a bakin ɗaki, wata maƙwabciya ce ke miƙa mata buta. Idon dama ya rufe tun tsakiyar damina.

Duk da haka na kunna. Taubashina ya fito a tsugune, hula a hannu, ya ce, "Inna, ina wuni?" Ya dakata mata ta amsa kamar tana gabansa. Ta amsa, "Lafiya lau." Ya tambayi gida, ta amsa. Ya tambayi awaki, ta ce saura biyu. Haka suka gaisa har ƙarshe. Sai ta miƙa hannu tana laluben gilashin kwamfutar, ta ce mini, "Ya rame ko?"

Ya rame ƙwarai. Na ce mata ya yi ƙiba.

Har yau Linux nake amfani da shi, ba shi da laifin komai. Laifin nawa ne, na fifita bakin da za a yi mini a majalisa a kan idon tsohuwa. Yanzu in abu ya gagare ni kuma wani yana jira, ba na jin kunyar cewa ban iya ba, mu je wurin wanda ya iya. Amma na koya a makare.

Ban taɓa faɗa mata gaskiya ba har ta bar duniya. Ranar nan da zan tafi ta riƙe hannuna ta yi ta sa mini albarka, wai na sha wahala saboda ita. Da ma zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.