Juma'a Goma Sha Uku da Na Ɓoye wa Cha'ibu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Mayu 2024, Allah Ya karɓi ran ƙanena Dakta Cha'ibu Illo a ƙasar Faransa, bayan gajeruwar jinya. Ɗan garin Maijirgi ne, kuma a can ƙasar waje aka yi masa sutura.

Cha'ibu, mutanen garinmu sun san kai mai ilimi ne, amma har ka rasu ba su gane aikinka ba. Ni ma da nake malamin lakwal, wato makarantar boko, sai da ka ɗauko tasar Innarmu ka ƙwanƙwasa, ka sa na kama bakinta, ƙarar ta mutu nan take. Ka rataye ta da zare, ta daɗe tana amo. Ka ce aikinka ke nan: wani ɗan dutse mai sheƙi, kwartz, kuke sa wa lantarki yana karkarwa, a cikin sanyin da ya fi na ƙanƙara nesa ba kusa ba, kuna neman ta ina ƙarfinsa ke zurarewa. Wai in aka toshe kafofin, zai yi amfani a sababbin na'urorin lissafi na kwantum. Inna ta ce, "To, ka tahi Turai don ka saurari tasa?" Ka yi dariya har da hawaye.

Ka ce na'urar da ke sanyaya dutsen takan yi kwanaki kafin ta yi sanyi, in aka bar ta rabin awa sai a koma farko. Wannan maganar taka na riƙe, da ita kuma na cuce ka.

A 2010, shekarar da sojoji suka karɓi mulki, rumbuna suka ƙare tun kafin bazara, Inna ta kwanta rashin lafiya. Ta rasu a watan Yuni, saura wata uku ka kare digirinka na doktora. Baba Ƙadri, ƙanen mahaifinmu, ya ce a yi yadda aka saba: ba a faɗa wa ɗalibi mutuwa yana bakin jarrabawa. Shi ya faɗa, amma ni ke riƙe da tarho. Na ce wa kaina in ka bar na'urar ka taho, aikinka zai koma farko. Duk Juma'a kana kira, ina ce maka ta tafi Kanan-Bakashe wurin ƙanwarta, kuma can babu rezo, kira ba ya shiga. Kana ba ni saƙon gaisuwa, ina cewa zan isar.

Da ka dawo ka tarar da ɗakinta a rufe, bargon da ka sayo mata yana hannunka. Ba ka ɗaga murya ba. Ka ce, "Yaya, yaushe?" Na faɗa. Ka ce, "Juma'a goma sha ukku ke nan ban yi mata addu'a ba."

Ba ka sake tayar da zancen ba. Ka gyara rijiyar unguwarmu, ka riƙe karatun 'ya'yana mata biyu har jami'a, ba ka fasa kirana ran Juma'a ba. Sai dai tun daga lokacin, in na ce maka kowa lafiya, sai ka ce in miƙa tarhon ga kowa ka ji muryarsa, ɗaya bayan ɗaya. Shekara goma sha huɗu ina zagaye gida da tarho, na san dalili, kuma girman kai na yaya ya hana ni cewa ka yafe mini. Ina jin kunyar wannan fiye da ƙaryar kanta.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya haɗa ka da Inna a Aljanna. Allah Ya ba Zuhura matarka da 'ya'yanku da dukan zuriyar Illo haƙurin rashinka.

Zuhura ta kira ni tun ba a rufe maka ido da awa ɗaya ba. Ta ce kai ka bar wasiyya: "Ku hwaɗa ma Yaya Namadi nan take, ko mi yake yi. Kada ya rasa ko kwana guda na yi mini addu'a."

Ban rasa ba, Cha'ibu. Ka yafe mini.