Wajen Hajiyoyi

Ban taɓa kawowa a raina cewa wata rana zan yi wasa da surukina ba. Tun da na auri 'yarsa ban ci ko loma ɗaya a gabansa ba. In na je gaishe shi, daga bakin zaure nake cire takalmi, in durƙusa, in zuba wa tabarma ido har mu gama. Shi ma ba ya kallona. Bango yake tambaya lafiyar yara, ni kuma in ba ƙasa amsa. A haka muka yi shekaru, kowa na yaba zamanmu.

Ni ina aiki a wani kamfanin jima da ke Challawa, a ofishin kula da ma'aikata. Shi kuwa Baba, haka nake kiransa, a wani kamfanin alewa na Bompai ya ƙare ƙuruciyarsa, daga mai lura da inji har ya zama manaja. Mai kamfanin, wani ɗan Labanan, shi ya koya masa golf, wasan nan da rediyo ke kira ƙwallon lambu. Baba ya yi ritaya, kamfanin ma ya mutu aka mai da shi sito, amma wasan bai sake shi ba. Kowace Asabar yana fili, da hularsa zanna-bukar a ka, don ya ce har ya mutu ba zai sa hana-salla ba.

Sai hawan jini ya kayar da shi. Allah ya taƙaita ya tashi, amma ɓarinsa na dama bai dawo daidai ba. Likita ya hana shi tuƙi, ya kuma ce lallai ya riƙa tafiya a ƙasa, in ba haka ba jikin zai ƙara mutuwa. 'Ya'yansa maza duk sun yi nisa da gida. Matata ta dube ni ta ce, "Kai za ka riƙa kai Baba fili."

Na ce, "Ki rufa mini asiri. Ni da Baba a mota ɗaya? Me za mu ce wa juna?"

Ta ce, "Ba hira aka ce ku yi ba."

Ranar farko na kai shi, na zauna a mota ina jira. Ban ankara ba na ji ana ƙwanƙwasa gilashi da sanda. Yana kallon wani wuri daban ya ce, "Malam, ba direba na ɗauka ba." Ya miƙo mini tsofaffin sandunansa. Haka na shiga golf, ba don ina so ba, sai don ban san yadda ake ce wa suruki a'a ba.

Ga wanda bai san wasan ba, abin ba wuya. Ana bugun 'yar ƙwallo da sanda daga nesa har a sa ta a rami, sannan a wuce rami na gaba. A farkon kowane rami akwai inda ake tsayawa a yi bugun farko. A filinmu an yi alama da duwatsu masu fenti. Farare suna can baya. Jajaye suna gaba sosai, an rage wa mai bugu tafiya. A ƙa'ida kowa na iya zaɓar inda ƙarfinsa ya kai shi. Amma a bakin mutanen filin, fararen na maza ne, jajayen kuwa ba a ma kiransu jajaye. Wajen Hajiyoyi ake cewa, don nan matan da ke wasan suke tsayawa.

Akwai wani rami da kwazazzabo ya ratsa gabansa, wanda ke kwashe ruwan unguwar in an yi sama. Daga fararen duwatsu dole ƙwallonka ta tsallake shi a sama. An ce a da Baba ko kallonsa ba ya yi. Yanzu kuwa duk Asabar sai ƙwallonsa ta tashi kamar da gaske, ta gaji a hanya, ta faɗa ciki. Kuma ba ya yarda a ɗauko masa. Shi zai gangara da kansa, yana jan ƙafa, yana dogara sanda. Ni kuma in tsaya a sama ina duba takalmina, kunya kamar ta kashe ni. Ba abin da ya fi ganin gazawar suruki nauyi, musamman in ya san kana gani.

Wata rana matata ta dawo daga gidansu ido ja wur. Ta ce Baba ya gaya wa Umma, mahaifiyarta, cewa yana tunanin ajiye sanduna. Ta ce, "Na san Baba. In ya daina fita, kwanciya zai yi, kuma ba zai tashi ba."

Maganin a fili yake, ko makaho ya gan shi: ya matsa gaba ya buga daga jajayen duwatsu. Amma wane baki zan buɗe in ce wa uban matata ƙarfinsa ya ƙare? Na je wurin abokin wasansa, wani dattijo Kirista daga kudancin Kaduna da ya yi injiniya a masaƙar Sharada, kowa na kiransa Injiniya. Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, na riga ka. Na gaya masa, ya daina amsa gaisuwata har sai da na ba shi haƙuri. Ni ba zan sake ba."

Sai wata dabara ta faɗo mini, kuma a lokacin na ɗauka ni mai wayo ne. Asabar ta gaba, da muka iso wurin bugun farko, na riƙe kafaɗata na ɓata fuska. Na ce wa Injiniya, yadda Baba zai ji, kafaɗar ta sa ni gaba, ba zan iya bugu mai nisa ba. Na ja keken jakar sandunana na wuce gaba, na tsaya tsakanin jajayen duwatsu. Tunanina shi ne in Baba ya ga namiji a can, kuma sama ba ta faɗo ba, zai biyo ni.

Bai biyo ni ba. Ya buga daga farare, da muka kai ramin kwazazzabo ƙwallonsa ta faɗa ciki kamar kullum. Saƙo ya bi ta hanyar da saƙonninmu ke bi: shi ya gaya wa Umma, Umma ta gaya wa matata, matata ta gaya mini. Wai a ce wa maigidanta ya nemi magani da gaggawa. Ban yi ba. Sai ga wanzami a ƙofar gidana da sassafe, da zabirarsa, ya ce Alhaji ne ya turo shi ya yi mini ƙaho. Ya zan yi? Na cire riga na zauna a kan turmi, aka tsattsaga lafiyayyar kafaɗata. Wanzamin na zuƙa yana girgiza kai, yana cewa ya daɗe bai ga mataccen jini irin wannan ba. Matata, wadda ita kaɗai ta san gaskiya, tana bayan labule tana danne dariya.

Da a gida abin ya tsaya da da sauƙi. Akwai wani dillalin fata da ke wasa a filin, kuma yana kawo wa kamfaninmu kaya, mutum mai baki kamar reza. Shi ya fara ɗaga mini hannu daga nesa yana cewa, "Hajiya, ina kwana? Ya yara?" Kafin mako ya zagayo labari ya isa Challawa. Mutanen da ba su taɓa ganin ƙwallon golf ba, 'yan ƙauye masu aikin kwamba da ke wanke fata tun asuba, sun ji cewa ogan ma'aikata yana wasa a layin mata. In na ratsa ta bakin ƙofa lokacin canjin aiki sai a gaishe ni da ladabi, in na ba da baya in ji wani ya siranta murya ya ce, "A sauka lafiya, Hajiya." Ni ne mai ladabtar da su in sun makara. Na rasa idon da zan kalle su da shi. Na ji zafin abin sosai, har akwai ranar da na rufe ofis na zauna ina zagin kaina da dabarata.

Duk da haka na ci gaba. Ni a gaba, Baba a baya, kwazazzabo na cin ƙwallonsa.

Da damina ta kankama, gangaren ya yi santsi. Wata Asabar Baba ya sauka ɗauko ƙwallo, ƙafar da ba ta jin magana ta zame, ya zauna daɓas cikin taɓo. Hularsa ta tashi ta faɗa ruwa. Ban taɓa ganin kansa ba hula ba sai ranar. Injiniya ya juya baya nan take, ya shiga kallon wata bishiyar darbejiya kamar yau ya fara ganinta. Ni kuwa ba ni da zaɓi. Na gangara, na rungumo shi ta ƙirji na ɗaga. Ban taɓa ko taɓa hannunsa ba, yau ga shi a jikina kamar ɗana. Abin da ya fi girgiza ni shi ne rashin nauyinsa. Da muka fito ya ce a hankali, "Sake ni, Malam." Na sake shi. Har muka isa gida, ta cikin tirelolin Bompai da 'yan adaidaita, idona na kan titi kawai. Na ji kamar ni na tura shi.

Daga ranar ya daina fita. In na je ranar Asabar, Umma ce ke leƙowa ta ce yana hutawa. Matata ta ce ko masallacin ƙofar gida sai an yi da gaske yake zuwa, abinci ma ya rage. Ta daina yi mini dariyar ƙaho.

Ni kuma na shiga tsaka mai wuya. In na daina zuwa fili, ko na koma fararen duwatsu da zarar ba ya nan, kowa zai gane don wa na yi ciwon kafaɗa, kuma zai kai kunnensa cewa surukinsa ya ji tausayinsa a bainar jama'a. Wannan ya fi faɗuwa a taɓo muni. Don haka na ci gaba da zuwa ni kaɗai, ina tsayawa a wajen Hajiyoyi ba gaira ba dalili. Dillalin fata ya samu abin yi. Wata rana na shiga yin alwala, na fito na tarar an ɗaura wa jakata ɗankwali, an yi masa ɗauri mai kyau irin na biki. Maza na ta ƙyaƙyata. Na kwance shi, na ajiye a kan benci.

Ban san Injiniya ya je duba Baba a makon ba, ban kuma san ya ba shi labarin ɗankwali ba. Ni dai na zo ranar Asabar don gaisuwa kamar yadda na saba, sai na tarar da shi zaune a ƙofar gida, da sabuwar hula, jakar sandunansa a jingine. Ya rame. Na durƙusa zan fara gaisuwa ya ce, "Rana na yi."

Muna isa fili dillalin fata ya hango mu. Ya ɗaga murya, "Alhaji, barka da dawowa! Mun kula muku da Hajiyarku sosai."

Baba bai dube shi ba. Ya isa fararen duwatsu, inda ya yi shekaru yana tsayawa, ya wuce su. Yana jan ƙafa, a hankali, kowa na kallo, har ya iso jajaye ya tsaya kusa da ni. Sannan ya waiwaya ya ce, da muryar da na tabbata da ita yake yi wa ma'aikatan alewa magana a da, "Mijin 'yata ba shi da lafiya, kun mai da shi abin wasa. Daga yau inda ya tsaya nan zan tsaya. Mai ɗankwali ya kawo biyu."

Injiniya ya jawo jakarsa ya biyo mu yana cewa a ƙara na uku.

Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige. Ga dattijo ya taso daga gadon ciwo ya zo kare ni a kan ciwon da babu shi. Ban iya ɗaga kai ba har muka iso ramin kwazazzabo.

Daga jajayen duwatsu kwarin a kusa yake. Baba ya kafa ƙwallonsa, ya ɗauki lokaci yana gyara tsayuwa, ya buga. Ba wani bugu ba ne na a zo a gani. Amma ta tsallake, ta sauka a kan ciyawa can ƙetare, ta ɗan gangara ta tsaya. Ya daɗe yana kallonta. Ni kuma sai na kau da kai.

Muka kama hanyar gadar da ake tsallake kwarin ta kai, shi a gaba ni a baya. Injiniya ya ba mu rata. Ba tare da ya waiwayo ba Baba ya ce, "Malam, ya kafaɗar?"

Na ce, "Da sauƙi, Baba. An gode da wanzamin da kuka turo."

Ya yi 'yan taku. Sannan ya ce, ƙasa-ƙasa, yadda ni kaɗai zan ji, "Ka bi ta a hankali. Kada ka yi saurin warkewa."