Adashin Allon Doña Ofelia

Doña Ofelia Zermeño ta ƙarar da ƙuruciyarta a wata masana'antar lantarki a bayan birnin Guadalajara, tana liƙa kaya ƙanana kamar ƙwayar gero a kan koren allo, irin wanda ake sa wa a cikin na'urori. Da aka kawo injin da ya fi ta sauri, sai aka ba ta agogon bango, aka tafa mata, aka ce ta je ta huta. Ina hutu! Ta share rabin ɗakin girkinta, ta sayi gilashin ƙara girma da tsohon murhun gasa burodi, ta ci gaba da narka dalma.

Tun tana can ta gane manyan masana'antu ba sa ganin talaka. Kuɗin shirya inji domin buga allo biyar daidai yake da na dubu goma, saboda haka mai son biyar sai dai ya haɗiye miyau. Ita kuwa ta ɗauko dabarar da mata suka daɗe da sani, wato adashi. Mai lasifikar makaɗa, mai injin ƙyanƙyasar kaji, duk mai ƙirar da yake son gwadawa, sai ta jera ƙirar allunansu a babban faranti guda, a buga sau ɗaya a masana'anta, a raba kuɗin, ta yanka ta liƙa wa kowa nasa.

Wata Talata Don Nicanor, mai shagon tortiya na unguwa, wato gurasar masara, ya shigo riƙe da allo baƙi ƙirin. Na injinsa ne ya ƙone, kamfanin da ya ƙera shi kuma ya mutu tun tuni.

"Komadre, aminiyata, na zaga ko'ina. Wai sai na sayi ɗari biyar. Ɗari biyar! Miya zan yi da su? Mai gwangwan ma ya zo ya taya injin. In ya wuce ƙarshen wata, na rufe shago."

Hankalinta ya tashi, domin ita ba ta san tortiyar wani ba sai tasa. Ga shi farantin watan ya cika maƙil. Ta kira Higinio mai lasifika, wanda ya cinye wuri mafi girma.

"Kai, matsa ka ba mutane wuri. Allonka ya yi faɗi kamar tumbinka."

"Haba Doña, tumbina me ya yi miki? Ƙirar nan sai da na yi wata ina zana ta!"

"To wa ya cika maka tumbin, in ba Nicanor ba? Matse ta, ko ka koma cin tortiyar kanti mai ɗanɗanon kwali."

Higinio ya yi ta ƙunƙuni, amma ya matse. Ita kuma ta zauna da ƙonannen allon, tana kankare toka da tsinke, tana bin kowace hanyar tagulla da ido har ta zana sabo. Ta san ƙirar farko ba kasafai take tashi ba, kuma Nicanor ba shi da halin jiran ta biyu. Ranar da farantin ya dawo daga bugu ta sa allon a murhu, tsoro ya kama ta sosai, har ta kasa cin abinci.

Da asubar Lahadi aka ɗaura shi a inji. Injin ya yi tari, ya yi shiru, sannan bel ya motsa da tsohon kukansa. Kafin a fito daga coci layi ya kai bakin titi.

Nicanor ya hango ta can baya da ƙyallen naɗe tortiya a hannu. "Komadre! Ke da layi? Taho gaba!"

"Yi aikinka, ni ina nan."

Ba kunya ce ta hana ta ba, daɗin tsayuwar take ji. Matar da ke gabanta ta ce, "Ashe sun sayi sabon inji."

Doña Ofelia ta gyara mayafinta, ta ɗaga murya yadda duk layi zai ji.

"Tsohon ne, 'yar uwa. A ɗakin girkina na tashe shi."