Salular Bayan Katanga

Ranar muna tsakar gida a unguwar Zariya, da ni, da ɗana na fari, da matarsa, da ƴaƴansu mata biyu, da wani mai gyaran salula da ɗana ya ɗauko daga kasuwa. Ƙanena na Tsibiri yana waje, a gindin itacen bedin da ke bayan katangarmu. Ni kaɗai na san yana nan.

Tun zaɓen da aka yi, shi da ɗana ba su magana. Kowa da partinsa. Ɗana ya ce masa kwaɗayi ya kai shi, shi kuwa ya rantse ƙafarsa ba za ta ƙara taka zaurenmu ba. Bai taka ba. Amma duk la'asar, in ya taso daga sayar da hatsi, sai ya jingine babur a gindin bedin, ya zauna yana jan rezo, wato intanet, daga akwatin wifi na gidan. Ɗaya daga cikin jikokina na sa ta ba shi kod ɗin, wato lambar sirrin shiga. Ta tagar ɗakina nake ganinsa, in ga ya rame ko bai rame ba, in miƙa masa fura ta kan katanga. Mu biyu muka rage cikin ƴaƴan innarmu.

Lokacin an rufe iyaka, ana kuma kama mutane kan saƙon da suka tura. Ɗana ya ji tsoro kada wani ya aika maganar siyasa ta akwatinsa, a zo a ɗauke shi. Mai gyaran ya ce kowace salula da lambarta da aka ƙera ta da ita, akwatin yana iya gane ta, ya bar ta ta shiga ko ya hana ta, ko da mai ita ya san kod.

Na shimfiɗa tabarma, na ce kowa ya aje tasa, har tawa. Mai gyaran yana kashe su ɗaya bayan ɗaya, yana duba fuskar na'urarsa.

"Alhaji, akwai guda da ta rage. Ba ta cikin waɗannan."

"Ta wa ce?" ɗana ya tambaya yana kallon ƴaƴansa.

"Ƙila ta aljanin gidan ce," in ji matarsa. Ba wanda ya yi dariya.

Jikata ta sunkuyar da kai. Na ga za a ɗora mata laifin, sai na ce, "Ta kawunka ce. Ni na sa a ba shi."

Ɗana ya juyo gare ni. Sannan ya ce, "Inna, kin san abubuwan da yake turawa? In suka zo, ni za su tafi da ni, ba shi ba."

Ni ban san abin da ƙanena yake turawa ba, amma na san bakinsa tun yana yaro. Mai gyaran ya dube ni, ya dubi mai gida, ya danna, ya hana salular shiga.

Na shiga ɗaki na leƙa. Ƙanena ya ɗaga salularsa sama, ya juya ta, ya buga ta a tafin hannu. Ya daɗe yana kallon katangar. Daga baya ya tada babur. Furar tana nan a kwano ban miƙa ba.

Da gari ya waye na gaya wa ɗana Tsibiri zan je, ba izini nake nema ba. Ya ce direba ya kai ni, na ce a'a. Na dama wata furar, na ɗaure kwanon a ƙyalle, na fita bakin hanya na tari mota.