Karatun Mahbuba a Ɗaki Daban

Mahbuba Ferdousi 'yar garin Khulna ce, ɗiyar malamin firamare, kuma tun da ta gama jami'a take aiki a sashenmu na ilimin akanta a birnin Dhaka. Aikinta shi ne karanta rahotannin da kamfanoni ke fitarwa kowace shekara kan yadda suke kula da ma'aikata da ruwa da muhalli. Takan bi su jimla-jimla, ta yanke wa kowacce hukunci: wannan aiki ne da aka yi, ko alkawari ne kawai?

Ƙa'idar wannan bincike mai tsanani ce. Mutum biyu ke karanta rahoto ɗaya, kowa a ɗakinsa, ba tare da sun tattauna ba, sannan a gwama hukuncinsu. In sun dace, an samu hujjar cewa ma'aunin na da inganci. In sun saɓa da yawa, to ra'ayin mai karatu aka auna, ba rahoton ba, sai a sake daga farko.

Abokin karatunta a waccan shekara shi ne Tapan Saha, ɗalibin digiri na uku mai nazarin rahotannin masana'antun ɗinki. Wata kwaleji a garin Barishal ta yi masa alkawarin gurbin koyarwa, da sharaɗin ya kammala kafin ƙarshen damina. Shi ne kuma ya yi wa Mahbuba hanyar aikin tun farko.

Ana gobe Farfesa Talukdar, mai duba aikin Tapan, zai gwama karatun nasu, Tapan ya tare ta a rumfar mai shayi, ina zaune kusa da su. Ya tura mata farantin shingara mai zafi, irin samosar nan tamu, yana kiranta Apa, wato Yaya.

"Apa, ci mana. Ban sa guba ba."

"Kai da ko ruwa ba ka taɓa saya wa kowa ba? Faɗi abin da ke tafe da kai."

"Labaran nan na ma'aikata," in ji shi, "kamar na matar da kamfani ya ce ta sa 'yarta a makaranta. Wane gefe kika jefa su?"

"Ka san ba zan faɗa ba."

"Leƙe ɗaya, Apa! Ban ce ki yi ƙarya ba. Mu daidaita kawai."

"In mun daidaita, me Malam zai gwama gobe? Ni da inuwata?"

"To, sannu, alƙaliya. Ki dai tuna wanda ya shigo da ke ofishin nan."

Ta ture farantin ta tashi. 

Washegari Farfesa ya jera aikinsu a kan tebur, su biyun suna tsaye. Wuraren da kamfanoni suka kawo alƙaluma, sun dace. A kan labaran ma'aikata kuwa, kusan ko'ina sun saɓa. Tapan ya ɗauke su aiki, tunda ga mace da sunanta da hotonta. Mahbuba ta ɗauke su alkawari, tunda labarin mace guda bai nuna abin da ya samu sauran ba.

Farfesa ya cire tabarau. "Babu wanda ya yi kuskure a cikinku. Ma'aunin ne bai tanadi gurbin labari ba. A ƙara rukuni na uku, a sake karatun duka."

"Malam, damina fa..." in ji Tapan.

"Na sani."

Gurbin Barishal wani ya samu.

Wasu a sashen sun kira ta marar tausayi, ban kuma ce asarar Tapan ƙarama ba ce. Amma binciken nan an kafa shi ne don gano inda kamfani ya gyara labarinsa domin ya burge mai dubawa. Mai binciken da ya gyara nasa saboda wannan dalili ya rasa bakin tuhumar kowa.

Tapan ya kammala a shekarar da ta biyo baya, yanzu yana koyarwa a nan tare da mu. Duk ɗalibin da ya zo masa da irin wannan bincike, wurin Mahbuba yake tura shi, ya kuma tabbatar an ba ta ɗaki daban. Shayi kam, har yau bai ƙara gayyatarta ba.